Ku Tambayi Baba Fasto: Magidancin da Yake Fita Aikin da Babu Shi

A wannan fitowa mun zaɓi wasiƙu 3 daga cikin waɗanda suka iso mana, dukansu daga maza, kuma kamar yadda muka saba mun sakaya sunayen masu su. Ta farko ce ta fi ɗaukar mini lokaci, domin na san magidanta da yawa za su karanta ta su ji kamar su suka rubuta.

TAMBAYA TA FARKO

Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni magidanci ne mai shekara 44, ina da mata da 'ya'ya 4, muna zaune a gidan haya. Na yi shekara 11 ina tuƙa motar wani kamfanin rarraba kaya, sai aka rage ma'aikata, ragin ya haɗa da ni. Yau wata 7 ke nan, kuma har yanzu matata ba ta sani ba. Kullum da safe nakan yi wanka in sa kaya in fita kamar mai zuwa aiki, in je tasha in zauna wurin mai shayi ko Allah zai kawo mai neman direba na yini ɗaya, da yamma in dawo. Da kuɗin sallamar da aka ba ni nake ba da cefane, sun kuwa kusa ƙarewa, ga haya ta matso, ga kuɗin makarantar yara. Matata tana sayar da kayan miya a kasuwa, amma ban taɓa cin kwabonta ba, ba na kuma so in fara. Ƙarfe 2 na dare nake farkawa, ƙirjina yana bugawa, barci ba ya dawowa har asuba. Na je wurin wani mai wa'azi, ya ce tsoro zunubi ne, rashin bangaskiyata ce ta rufe mini ƙofa, in shuka iri na naira 50,000. Na bayar, ban ga canji ba. Ni ne ma'ajin Zumuntar Maza a ikilisiyarmu, kuɗin zumunta suna hannuna, kuma zuciyata ta fara raya mini in ranta daga ciki. Ayar nan ta 1 Timoti 5:8 da ta ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bangaskiya muni tana hana ni sakat. Wani lokaci nakan ji gara a ce ba na duniyar. Baba, Allah ya yashe ni ne?

Daga wani magidanci, Sabon Tasha, Kaduna

AMSA

Ɗan'uwana, na gode da ka buɗe mini cikinka, kuma amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce a'a, Allah bai yashe ka ba. Amma kafin in shiga sauran maganar, zan fara da jimlar da ka ajiye kusa da ƙarshe, wato cewa wani lokaci kana jin gara a ce ba ka duniyar. Wannan ba magana ce da za a bari sai gobe ba. Idan tunanin yana dawo maka, ko ka fara tsara yadda za ka cutar da kanka, ka faɗa wa fastonka ko wani amininka yau ɗin nan, ku je ku ga likita tare. A nan Kaduna akwai asibitin gwamnatin tarayya na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa, kuma ba mahaukata kaɗai ke zuwa can ba, kamar yadda mutanenmu suke zato. Rashin barci na watanni, bugun ƙirji da yanke ƙauna alamu ne da likitoci suka sani, suna da maganinsu, kuma shan magani bai saɓa wa addu'a ba.

Game da abin da mai wa'azin nan ya faɗa maka, ina gaya maka kai tsaye cewa ya yi kuskure, kuskuren da ya ƙara maka nauyi a kan nauyi. Idan jin tsoro kansa zunubi ne, to me za mu ce game da Ubangijinmu a Getsamani, inda Markus sura 14 ta nuna mana shi cikin matsananciyar damuwa, yana gaya wa Bitrus da Yakubu da Yohanna cewa ransa yana baƙin ciki har kamar ya mutu, yana roƙonsu su zauna su yi tsaro tare da shi? Shi da bai taɓa yin zunubi ba, bai ɓoye wa abokansa 3 halin da yake ciki ba. Dawuda, wanda ya kashe Goliyat, shi ne ya ce a Zabura 56 a ranar da ya ji tsoro zai dogara ga Allah. Bai ce ba zai taɓa jin tsoro ba. Ka kuma duba Iliya a 1 Sarakuna 19. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, saƙo ɗaya daga sarauniya Yezebel ya sa ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna ƙarƙashin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ka lura da abin da Allah ya fara yi masa. Bai tsawata masa ba, bai nemi baiko daga gare shi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa, ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan haka aka yi magana, kuma cikin abin da aka gaya masa har da cewa ba shi kaɗai ba ne, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Wannan shi ne Allahn da kake bauta wa.

Batun shuka iri kuwa, bayarwa abu ne mai kyau, amma alherin Allah ba kayan kasuwa ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 8 wani mutum mai suna Siman ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sami baiwar Allah, kuma amsar da Bitrus ya ba shi tana cikin mafi zafin maganganun Sabon Alkawari. Duk wanda ya dubi magidancin da ke kan gaɓar rasa matsuguni ya yanka masa farashin buɗewar ƙofa, bai yi masa aikin makiyayi ba. Kada ka sake komawa, kada kuma ka zargi kanka da cewa irinka ne bai kai ba.

Ka kuma cire wa kanka tunanin cewa hukunci ne ya sauka a kanka kai kaɗai. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki a garuruwanmu na Arewa, daga baya ma ta wuce haka nesa, darajar naira kuma ta faɗi. Kamfanin da ke rayuwa a kan motoci da mai dole ya ji a jikinsa, kuma direbobi ne na farko da ake sallama. Ko waɗanda suke da aikin, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai isa ya riƙe gida mai mutum 6 ba. Lokacin da almajirai suka ga makaho a Yohanna sura 9 suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Ayar 1 Timoti 5:8 da take hana ka barci, idan ka karanta surar daga farko za ka ga Bulus yana magana ne a kan masu hali da suke watsar da gwaurayen mata na gidansu su bar wa ikilisiya nauyinsu. Haka ma 2 Tasalonikawa 3:10 da ta hana marar aiki cin abinci, wanda ya ƙi aiki ake nufi, ba wanda ya nema bai samu ba. Mutumin da yake zaune a tasha tun safe yana jiran tuƙin yini ɗaya ba ya cikin waɗannan.

Yanzu ga inda zan yi maka faɗa, cikin ƙauna. Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka ba rashin aikin ba ne, ɓoyon ne. Karo na farko da kalmar tsoro ta fito daga bakin ɗan Adam a Littafi Mai Tsarki, daga bakin namiji ta fito, a Farawa 3:10, inda Adamu ya ce ya ji tsoro domin tsirara yake, sai ya ɓuya. Tun daga ranar maza suke ɓuya. An rene mu da cewa namiji ba ya kuka, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma babu addu'ar da magidanci ya fi yi kamar ta rufin asiri. Rufin asiri alheri ne, ni ma ina roƙonsa, amma tsakaninka da mutanen waje yake. Ba a yi shi domin a kafa shi katanga tsakanin miji da matar da Allah ya ce sun zama jiki ɗaya ba.

A shekarun da masaƙun Kakuri suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, ina hidima a wata ikilisiya da yawancin mazanta ma'aikatan masaƙa ne. Akwai wani dattijo mai rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa, wanda ya ci gaba da fita kowace safiya da kwanon abincinsa a ɗaure bayan keke, wata da watanni bayan an kulle ƙofar ma'aikatarsu. Yakan je ya zauna a gindin wani mangwaro kusa da layin dogo, ya ci abincin da azahar, ya wanke kwanon, ya dawo gida daidai lokacin tashi. Da abin ya fito fili muka zauna da shi da matarsa a ɗakinsu, sai ta ce ta sani tun makon farko, domin rigarsa ta daina dawowa da ƙurar auduga. Ta ci gaba da dafa masa abincin tana ɗaurewa a bayan keken ne don kada ta kunyata shi, tana kuka a madafa bayan ya fita. Abin da ya fi yi mata ciwo, in ji ta, shi ne ya ɗauke ta matar da ba za ta iya ɗaukar labarin ba. Ban san matarka ba, amma macen da take kwana kusa da mai farkawa ƙarfe 2 kowane dare, da wuya a ce ba ta lura da komai ba.

Saboda haka ka gaya mata cikin wannan mako. Ka zaɓi lokacin da yara suka kwanta, ka faɗi gaskiya duka, har da naira 50,000 ɗin, ka nemi gafararta saboda ɓoyon, ba saboda rasa aikin ba, domin wannan ba laifinka ba ne. Mai yiwuwa ta yi fushi, kuma tana da hakkin yin fushin; ka ba ta lokaci. Idan kana ganin bakinka ba zai iya ba, ka roƙi fastonku da matarsa su zauna da ku. Daga nan ku ɗauko takarda ku rubuta abin da ya rage a hannu da abin da ke gabanku, ku je wurin mai gidan haya tun wa'adi bai cika ba, ku je makarantar yara ku nemi a raba muku biyan. Wanda ya zo da kansa kafin a neme shi ya fi samun sassauci.

Ka ce ba ka taɓa cin kwabon matarka ba. Na fahimci abin da kake ji, amma ka binciki zuciyarka ka ga ko mutunci ne ko girman kai. Macen kirki ta Karin Magana 31 tana sayen gona, tana saƙa tana sayarwa, kuma mijinta ba ya jin kunya, a bakin ƙofar gari ma ake girmama shi. Luka sura 8 ta ambaci Maryamu Magadaliya da Yuwana da Suzana da wasu mata da yawa da suke ɗaukar nauyin Yesu da almajiransa daga dukiyarsu. Idan Ubangiji ya ci daga hannun mata bai ragu da komai ba, tumatir da albasar matarka ba za su rage ka ba. Shugabancinka a gida ba a aljihunka yake ba. Yana cikin gaskiyarka, da addu'ar da kake jagoranta, da yadda 'ya'yanka za su ga ubansu ya sha wuya bai yi ƙarya ba, bai kuma taɓa abin wani ba.

Wannan ya kawo ni kan kuɗin Zumuntar Maza. Kada su sake kwana a gidanka. Ranar Lahadi mai zuwa ka kira shugaba da magatakarda, ku ƙirga tare, a zuba a asusun banki ko a miƙa wa ma'ajin ikilisiya, ka kuma gaya musu dalili. Da yawa daga cikin waɗanda suka ci amanar kuɗin ikilisiya ba ɓarayi ba ne tun asali, da niyyar rance suka fara. Idan ka buɗe baki a gaban waɗannan mutum 2, za ka sami abu biyu a lokaci guda: ka tsare sunanka, ka kuma sanar da mutanen da ya kamata su fara nema maka aiki. A zumuntarku akwai mai mota, akwai wanda ya san mai makarantar da ke neman direban bas, akwai mai kai kaya Kafanchan ko Abuja. Wata 7 kana zaune cikinsu kana rera waƙa, ba wanda ya san kana nema. Ina kuma kira ga shugabannin Zumuntar Maza a ko'ina, a ECWA ne, ko COCIN, ko EYN, ko HEKAN, ko Angilika, ko Baptis: idan taronku bai wuce karɓar kuɗin wata da shirin anko ba, har ɗan'uwa zai yi wata 7 cikin wannan hali ba ku sani ba, to akwai gyara a gabanku.

Ba zan yi maka alkawarin cewa aiki zai zo wata mai zuwa ba, domin Allah bai ba ni wannan labari ba. Abin da zan ba ka shi ne abin yi da ƙarfe 2 na dare. Maimakon ka kwanta kana lissafi cikin duhu, ka tashi zaune, ka kira abin da kake tsoro da sunansa a gaban Allah: haya, makaranta, kunya. Ka karanta Matiyu 6 daga aya 25 zuwa 34 a hankali, ka roƙi abincin yini ɗaya kamar yadda aka koya mana. Idan ka riga ka gaya wa matarka, ka tashe ta ku yi tare. Ka sake rubuto mini bayan wata guda, ina so in ji yadda zaman ya kasance.

TAMBAYA TA BIYU

Baba, ni saurayi ne mai shekara 29. Na karanta kimiyyar siyasa a jami'a, na gama bautar ƙasa shekara 3 da suka wuce, aikin gwamnati bai samu ba. Yanzu gyaran waya nake yi a wata 'yar rumfa kusa da Taminus. Ina samun na abinci, amma ina jin rayuwata ba ta da manufa, abokan karatuna kuma idan sun zo wucewa nakan sunkuyar da kai. Ina tunanin in tafi makarantar tauhidi in zama fasto, ko a can ne zan yi wa Allah aiki na gaske. Mene ne shawararka?

Daga wani saurayi, Jos

AMSA

Ɗana, akwai tambaya ɗaya da nake so ka amsa wa kanka da gaskiya: da a ce gobe aka kira ka aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, za ka ci gaba da tunanin makarantar tauhidi? Idan amsar a'a ce, to ba kira kake ji ba, mafaka kake nema. Makarantun tauhidi na Bukuru da Kagoro da sauran makarantunmu suna bukatar matasa masu ilimi irinka, amma aikin fasto ba wurin fakewa daga kunya ba ne, kuma wanda ya shige shi don gudun rumfa zai wahala, ya wahalar da garke. Kira na gaskiya yakan daɗe yana cin mutum a zuciya, ikilisiya kuma takan gan shi a jikinsa kafin ya faɗa. Kana koyarwa a makarantar Lahadi? Kana ziyarar marasa lafiya? Dattawanku sun taɓa ce maka suna ganin baiwar a gare ka? Ka fara daga nan, ka ba abin shekara guda.

Amma tushen damuwarka shi ne zaton cewa aikin bagade kaɗai ne aikin Allah, kuma wannan zato ba daga Littafi Mai Tsarki ya fito ba. A Farawa 2:15 Allah ya sa mutum a gonar Aidan ya nome ta ya kiyaye ta tun kafin zunubi ya shigo, wato aiki ba la'ana ba ne. Ƙaya da gumi ne suka zo daga baya. A Fitowa 31 Allah ya ce ya cika Bezalel da Ruhunsa, kuma abin da aka cika shi domin ya yi shi ne aikin zinariya da azurfa da tagulla, da sassaƙar dutse da itace. Ubangijinmu ya fara hidimarsa yana da shekara wajen 30, kusan shekarunka, kuma mutanen Nazarat da masassaƙi suka san shi, kamar yadda Markus 6:3 ta nuna. Bulus, da duk karatun da ya yi a gaban Gamaliyel, ya zauna a Koranti yana ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu. A 1520 Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, ya rubuta cewa baduku da maƙeri da manomi kowannensu yana da aikinsa da matsayinsa a jikin Almasihu daidai da firist, domin da sana'arsa yake yi wa ɗan'uwansa hidima. A nan ƙasarmu ma, cibiyar horarwa da aka buɗe a Gindiri a 1934 ta yaye masu bishara da suke komawa ƙauyuka su riƙe fartanya su ci daga guminsu, kuma a kan kafaɗar irin waɗannan manoma ikilisiyoyi da yawa na Filato suka tsaya.

Ka dubi rumfarka da kyau. Tsohuwa ta kawo maka waya ba ta kamawa, a cikinta ne ɗanta yake turo mata kuɗi daga Legas. Ka buɗe ka ga datti ne kawai ya toshe wurin caji, aikin minti 5. Kana iya ce mata sai an canja wani abu, ba za ta taɓa sani ba. Wani ya biya kuɗin gilashi mai kyau, kana iya sa masa jabu. Budurwa ta bar maka wayarta a buɗe, da hotunanta da saƙonninta a ciki. A kowace rana kana fuskantar jarrabawar amana fiye da yadda wasu masu ofis suke fuskanta a wata guda, kuma Kolosiyawa 3:23 ta ce duk abin da muke yi mu yi shi da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji muke yi wa. Kirista da Musulmi duk suna zuwa rumfar nan, kuma a gari kamar Jos, da ya sha rikici tun 2001, mai sana'ar da kowane ɓangare ya yarda da shi yana yin wa'azin da ba kowane fasto ne zai sami damar yinsa ba.

Ban ce ka daina neman ci gaba ba. Ka ci gaba da neman aikin da ka karanta, ka ƙware a sana'ar, ka shiga adashi ka faɗaɗa rumfar, ka ɗauki yaro ɗaya daga unguwarku ka koya masa. Idan abokan karatunka sun zo wucewa, ka ɗaga kai ka gaishe su, ka ce su kawo wayoyinsu.

TAMBAYA TA UKU

Baba Fasto, ni ɗan kasuwa ne mai shekara 58, ina sayen masara da waken soya lokacin kaka in ajiye in sayar idan sun yi tsada. Allah ya buɗa mini, na gina gida, yara sun gama makaranta, ina ba da zakka, na ba da gudummawa wajen ginin majami'armu. Amma ba ni da farin ciki. Kullum hankalina yana kan farashi da rumbu da ɓarayi. Ina jin kunyar faɗa wa kowa, don za a ce na yi wa Allah butulci.

Daga wani ɗan kasuwa, Saminaka

AMSA

Ɗan'uwana, ba butulci ba ne, kuma ba kai ne farau ba. Littafin Mai Hadishi sura 5 ya ce mai son kuɗi ba ya ƙoshi da kuɗi, barcin ma'aikaci yana da daɗi ko ya ci kaɗan ko da yawa, amma yalwar mai arziki takan hana shi barci. Surar ta ƙara da cewa samun dukiya baiwa ce, ikon cin moriyarta kuma wata baiwa ce dabam. Ka sami ta farko, ta biyun kake nema, ita kuwa ba a tara ta a rumbu. Bulus yana ɗaure ne lokacin da ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da wadar zuci, a ƙoshi ko a yunwa. Kalmar da ya yi amfani da ita ita ce koya, wato shi ma ba da ita aka haife shi ba.

Akwai aya ɗaya da ta shafi sana'arka kai tsaye, ba zan kuma ɓoye maka ita ba. Karin Magana 11:26 ta ce mutane sukan la'anci mai ɓoye hatsi, albarka kuwa tana kan wanda ya fito da shi ya sayar. Ajiyar hatsi ba laifi ba ce, Yusufu ma ya ajiye na shekara 7 a Masar, amma domin a buɗe rumbunan ranar yunwa ya ajiye. Ka tambayi kanka ko wani ɓangare na rashin kwanciyar hankalinka yana zuwa ne daga cewa ribarka tana ƙaruwa daidai lokacin da maƙwabcinka yake rage mudu. Manomin da ka saya daga hannunsa da arha a watan Nuwamba, domin yana bukatar kuɗin makaranta da na asibiti, sau da yawa shi ne yake dawowa a watan Yuli ko Agusta ya sayi masarar da ya noma da tsada.

Shawarata ita ce ka ware wani kaso na abin da ke rumbunka tun yanzu, kai da matarka ku yanke yawansa, ku fitar da shi a tsakiyar damina a farashi mai sauƙi, ko ku ba da rance ba ruwa ga ƙananan manoma da gwauraye, na ikilisiya da waɗanda ba na ikilisiya ba. Kada a sanar a majami'a, kada a rubuta sunanka a bango. Ka san mutanen da fuskokinsu, ka shiga gidajensu. Ranar Lahadi kuma ka kashe wayar da ake kiranka da ita daga kasuwa, tun daga safe har dare, ka ci abinci da matarka a kwano ɗaya, ka kira 'ya'yanka ka tambaye su lafiyarsu ba tare da maganar kuɗi ba. A shekarunka yana da kyau ka je a auna hawan jininka da sukari, domin wani lokaci nauyin zuciya daga jiki yake farawa. Idan damina ta wuce ka rubuto mini ka gaya mini buhu nawa kuka fitar, da yadda barcinka ya kasance a lokacin.